Garmar Ƙanƙara a Yashin Gurbin Bore

Ƙaura Namoda,
8 ga Nuwamba, 1999.

Zuwa ga bawana Armiya'u,

Assalamu alaikum. Ga gaisuwa daidai wadda ta kamaci ubangida ya yi wa bawansa da ya gudu Kanada da sunan karatu. Kada ka murtuke fuska. Ubana wa ne ga uwarka, ni ɗan namiji kai ɗan mace, ko digiri goma ka yi ba ka fita hannuna. Ina fatan kana lafiya, sanyin bai cinye maka kunnuwa ba. Mu nan sai godiya, gero ya shiga rumbu. Goggo Inno, uwar taka, da ƙanwarka Rahma suna can tunga lafiya, in ban da maganar idon da zan zo kanta.

Motarka ta iso ran Alhamis. Ta biyo ta Kwatano da Nijar, ta faɗo Shinkafi ana tsakiyar cin kasuwa. Kai, Armiya'u! Shekara ashirin ina kwanciya ƙarƙashin motoci, ban taɓa ganin a-kori-kura mai ƙofa huɗu mai wanga tsawo ba. Injin gas ɗinta in ya yi gurnani har kajin garejina watsewa suke yi. Amma abin da ya tara mini jama'a shi ne rawayan ƙarfen nan da ka kwantar a bayanta. Wani ya ce bakin katafila ne, wani ya ce ƙofar jirgi ce. Na ce musu garma ce da ake ture dusar ƙanƙara da ita daga kan titi, da ita bawana ke neman na abinci a can. Tsoho mai shayi ya ce, "To wa ya faɗa mishi ƙanƙara na kwana a Ƙaura?"

Ni dai na gane nufinka. Yashin mashigar rafin nan da ke tsakanin Gurbin Bore da tunga kake so a riƙa turewa, mota ta samu hanya har ƙofar gida. Dabara ce, ban yi zaton za ta fito daga kan ɗan mace ba. Sai dai jakar da ka ce ka sa notuna da sandunan maƙalawa, an yi awon gaba da ita a hanya. Takardar bayanin kuwa rabi Turanci rabi Faransanci, hotunan kawai nake kallo.

Yanzu maganar Goggo. Mun kai ta Gusau watan jiya. Likita ya ce ruwan cikin idon ne ya yi ƙarfi yana danne jijiya. Na hagu ya riga ya tafi. Na dama ana iya ceto shi in an yi aiki a Kaduna, kuma ya ce kada a yi sanya. Ya ba da maganin ɗigawa da takarda. Fito da ita daga tunga shi ne aikin. A amalanke muka ratso yashin, ta sauka tana rantsuwar ba ta ƙarawa. Babur kuma, tunda aka yi shelar Shari'a a Gusau 'yan kabu-kabu suka fara ƙin ɗaukar mata, ita ma ba za ta hau bayan ɗan wani ba. Ka ga ƙofa huɗun nan ta zo a kan gaɓa, mata baya maza gaba. Bari in ɗaura garmar in share hanya, in ɗauko ta a mutunce. Na riga na cire bamba. Rubuto mini yadda ake yi.

Ubangidanka,
Jatau makanike.

Winnipeg,
3 ga Disamba, 1999.

Zuwa ga Jatau sarkin walda, mutumin da ya kusa liƙe murfin tukunyar matarsa don kada miya ta zube,

Wa alaikumus salam. Takardarka ta same ni lafiya, kunnuwana biyu suna nan. Ubangidan da sai bawansa ya aiko masa da mota kafin ya daina yawo a ƙasa, ai sai a yi masa jaje. Ka gaida Lami da yara, ka ce ina jinjina wa haƙurinta.

To buɗe kunne, in ƙwaƙwalwar taka ba ta cika da baƙin mai ba. Garmar nan ba jikin motar ba ce. Riga ce, a sa a tuɓe. Akwai ƙarfen da ake ɗaure wa ƙashin motar da notuna, ita kuma garmar sanduna biyu ke riƙe ta a jikinsa. Mu nan da safe mukan maƙala ta, in an gama share titi a zare sandunan a ajiye ta. Dalili kuwa, injin gas nauyi gare shi, gidan motar kuma dogo, duk sun taru a kan gatarin gaba tun ba a ƙara masa komai ba. Baturen da ya sayar mini da ita da kansa ya ce irin wannan mota da kyar take ɗaukar garma. Ni kaɗai nake shiga in tana ɗaure, da buhunan yashi a baya don gaba ya samu sauƙi. Ka loda mata mutum biyar da garma a hanci, to ka nemi mai yi maka addu'a.

Amma na san ka. In ka ga ƙarafa biyu sun kusanci juna, hannunka ƙaiƙayi yake yi. Ka kuskura ka kai wuta jikin motata, in na dawo sai na kai ka kasuwar Shinkafi na musanya ka da akuya, ita ma gurguwa. Ko da yake me zai dame ni? Na san ba za ka iya ɗaura ta ba sai na aiko da sanduna. Wannan aiki ya fi ƙarfin makaniken Ƙaura, ka tsaya a kan facin lagireto.

Inno kuma, ka fara kai ta, malam mai mutunci. Motar tana ja da ƙafa huɗu, in ka rage iskar taya za ta ratsa yashin nan ko babu garma. Share hanya ya biyo baya.

Ga hoto nan na sa, ni ne tsaye gaban motar bara, ranar da ƙanƙara ta kai mini gwiwa. Ka ba Rahma. Na san Inno ba za ta dube shi a gabanku ba, ɗan fari ne ni, tunda nake ban taɓa jin sunana a bakinta ba. A ajiye mata shi kan gado a fita.

Wanda ya fi ka,
Armiya'u.

Ƙaura Namoda,
16 ga Janairu, 2000.

Bawana,

Barka da shan ruwa, barka da Sallah. Kowa lafiya. Takardarka ta zo ana tsakiyar azumi, na karanta wa mutanen gareji inda ka ce aikin ya fi ƙarfin makaniken Ƙaura. Sun ce sai na rama musu.

To, an rama. Riƙe sandunanka ka sa a miya. Na samo ƙarfen layin dogo tsoho wajen masu gwangwan, na yanka, na haɗa garmarka da ƙashin motar na bi da wuta ciki da waje. Kwana tara ina kai. Sanduna biyu! Wa ke amincewa da sanduna biyu a hanyar Zurmi, inda noti ke kwancewa da kansa kafin ka kai Moriki? In ma girgiza ba ta zare su ba, wani mai hannu zai zare. Nan ba Kanada ba ce, abin da ba a liƙe ba ba naka ba ne. Famfon da ke ɗaga ta ma na tayar da shi, tana ɗagawa tana saukewa da maɓalli ɗaya.

Ranar da na fito da ita gwaji, Ƙaura ta tashi. Na ture tudun sharar da ke bayan tasha tun ana Jihar Sakkwato. Na share filin idi. Mutanen Jangeru sun aiko a gyara musu bakin kasuwa, na je na yi. Har wani ya ce in tsaya kansila. Awo, hancinta ya ɗan yi ƙasa, sitiyari ya yi tauri, taya na goga in na karya kwana. Na ƙara mata ganyen sifirin, magana ta ƙare.

Goggo ba mu kai ga zuwa ba. Kafin in gama aikin wata ya kama, ta ce ba ta tafiya ko'ina cikin azumi. Rahma ta ce maganin ma da rana ba ta yarda a ɗiga mata, wai tana jin ɗacinsa a maƙogwaro, kada ya karya mata azumi. Malam ya yi mata bayani, ta ce ta ji, ba ta sake ba. Amma kada ka damu. Maiwada, mijin Rahma, ya je Kaduna ya karɓo kati. Likitan da ke aikin ran Talata kaɗai yake zama, an ba mu 15 ga Fabrairu. Ran Litinin zan shiga da garma ƙasa in share mashigar, in ɗauko ta har ƙofar ɗaki. Ka tanadi akuyar taka, ni zan yanka ta.

Ubangidanka har gobe,
Jatau.

Winnipeg,
7 ga Fabrairu, 2000.

Yaya Jatau,

Babu wasa a cikin wannan takarda, ko kalma ɗaya. Don girman Allah ka yanke garmar nan kafin ka ɗauki mutane. Ƙarfen layin dogon da ka ƙara shi kaɗai ya kai nauyin mutum biyu. Taurin sitiyarin da gogar tayar, gatarin ne ke gaya maka ya gaji. Ganyen sifirin ba ya rage nauyi, ɓoye shi kawai yake yi.

In babu lokacin yankewa, ka bar motar a gareji. Ku fito da Inno a amalanke tun ran Lahadi, ko tana faɗa, ku shiga motar haya a Zurmi. In ta yi fushi da ni, na ɗauka.

Kwana uku ina buga wayar shagon da ke kusa da tasha, layin a mace. Na san da wuya wannan takarda ta riga ranar isa. Ina rubutawa ne don ba ni da abin da zan yi in ba shi ba.

Ƙanenka,
Armiya'u.

Ƙaura Namoda,
20 ga Afrilu, 2000.

Armiya'u,

Assalamu alaikum. Kowa na da rai. Takardarka ta zo 2 ga Maris. Da na ga "Yaya Jatau" a samanta sai na san babu wasa, don tunda muke ba ka taɓa kirana haka ba. Sau huɗu ina fara amsa ina yagewa. Yau dai ga shi yadda ya faru, ba ragi.

Ran Litinin ɗin na isa mashigar da hantsi, na sauke garma na share. Ta yi kyau, ba zan ɓoye maka ba, mutanen tunga har guɗa suka yi. Muka ɗauko Goggo. Baya ita da Rahma da Lami da wata maƙwabciya mai rakiya, gaba ni da Maiwada. Mutum shida. Bayan motar kuwa wayam, buhunan yashin da ka faɗa ban sa ko ɗaya ba. Muna gangarawa cikin rafin, inda gangaren ya haɗu da yashi, na ji ƙas! Tayar dama ta gaba ta kwanta, hancin motar ya dafa ƙasa, garmar ta nutse cikin yashi har rabi. Ba wanda ya ji ciwo. Goggo ce ma ta fara magana, ta ce, "Jatau, mun iso?"

Nan ya kamata in ce a kawo amalanke. Maiwada ya faɗa, Rahma ta faɗa har da kuka. Na ce a ba ni awa ɗaya. Kunya ce ta hana ni, mutanen da suka yi mini guɗa suna tsaye a kan gaɓa. Da garmar sanduna ke riƙe da ita, da minti biyar mun zare ta mun ɗaga motar. To na liƙe ta yadda ko ni ba na iya raba su sai da wuta, wutar kuma tana Ƙaura. Awa ɗaya ta zama la'asar. Goggo ta wuni a gindin kanya, aka mai da ita gida.

Talata muka fito a amalanke, muka shiga haya. Ko da muka kai Kaduna likita ya tashi. Aka ce mu dawo Talata mai zuwa. Na roƙi Goggo mu zauna, ta ce ba ta kwana bakwai a garin da ba ta da kowa. Ran Litinin 21 ga wata muka sake kama hanya. A Zariya aka juyo da mu, wai Kaduna ta kama da wuta kan maganar Shari'a. Ka dai ji labari. Bayan abin da ta ji a tasha ranar, ko sunan garin ba ta so a ambata. Sai bayan Babbar Sallah da makonni muka shawo kanta.

Shekaranjiya muka dawo. Likita ya daɗe yana haska idon, sannan ya fitar da ni waje. Ya ce jijiyar ta bushe, aiki ba zai dawo da komai ba. Na tambaye shi da mun zo a Nuwamba fa? Ya ce, "Malam, kada ka tambaye ni wannan."

Na koma na karanta takardarka ta Disamba. Komai yana ciki, gatarin, da yashin, da "ka fara kai ta". Wallahi Armiya'u na ɗauka tsokana ce irin tamu. Shekara talatin duk abin da ka ce ba na iyawa sai na yi don in ba ka haushi, wannan ma haka na ɗauke shi. Ba na neman ka wanke ni. Ni na makantar da ƙanwar ubana, ina tsaye ana yi mini kirari.

Jatau.

Winnipeg,
14 ga Mayu, 2000.

Yaya Jatau,

Na samu takardarka. Kwana biyu ban je aji ba.

Kada ka kwashe laifin kai kaɗai, ban ba ka duka ba. Na san halinka sarai, na san abin da kalmar "ba za ka iya ba" ke yi maka, kuma na rubuta ta ina dariya. Maganar idon uwata na sa ta a layi uku tsakanin akuya da hoto. Ita garmar ma wa ya ce in aiko? Mota kaɗai Inno ke bukata. So nake a taru a Ƙaura a ce ɗan wance ya aiko da abin da ba a taɓa gani ba. An kuwa taru.

Bara waccan na samu hutun da zan iya zuwa, na ce bari in ƙara damina ɗaya ta ƙanƙara in gama biyan motar. Sai Disamba zan gama karatu. Ka gaya mini gaskiya, tana fushi da ni? Ban san yadda zan rubuta mata ba. Ban taɓa yi ba.

Armiya'u.

Tunga, ta Gurbin Bore,
11 ga Yuni, 2000.

Yaya, ni ce Rahma. Muna lafiya, ruwa ya sauka, an yi shuka. Jatau ya karanta wa Inno takardarka. Ta ce in ɗauko biro in rubuta yadda ta faɗa, kada in gyara mata magana. Ga shi:

Ina gaishe ka. Ina cin abinci, ina sallata, na san hanyar randa da ta bayi. Ba abin da ke yi mini ciwo.

An ce kuna ta rabon laifi kai da Jatau. To ku rage mini nawa. Ni na ƙi magani da rana, ni na ƙi zama Kaduna. Abin da Allah ya rubuta ya auku, ban ce ku daina jin zafinsa ba, amma ku daina wanga "Yaya" da "Ƙane". Jatau yakan zo duk Juma'a ya zauna bakin ƙofa shiru kamar mai zaman makoki. Ba na so. Ɗan wana ne, taubashinka ne, ka zage shi yadda ka saba in ji ya yi dariya.

Ƙarfen naka ya yanke shi, ya ce zai kai wa masu gwangwan. Na ce a'a, abin da ya ƙetaro teku ba ya tafiya haka. Na sa ya kwantar da shi bakin rijiya ya toshe gefe biyu. Awakinmu na sha ciki, shanun Ardo ma in sun biyo. Na shafa shi, ba ya yoyo. Wagga waldar dai ta yi amfani.

Hoton da ka aiko na duba shi tun cikin azumi, sai da kowa ya fita. Lokacin ina gani kaɗan. Na ga fari fat, na ga mota, na ga mutum a naɗe cikin kaya, ido kaɗai a waje. Na kai shi bakin ƙofa wajen haske, ban ga fuska ba. Na ce ba komai, in ya zo na gan shi.

Ba motar ke damuna ba. Tun da aka haife ka kakarka ta ɗauke ka, ni kuma na yi abin da ake yi. In ka shigo in kau da kai, in ka gaishe ni in amsa wa bango. Haka uwata ta yi wa nata ɗan fari, ba wanda ya ce ta yi laifi. Shekara talatin da huɗu ina da ido biyu, ban taɓa tsayawa na dube ka son raina ba. Yanzu in na nemi fuskarka sai ta yaro ta zo mini, ranar da aka yi maka aski kana kuka. Ta babba ban riƙe ta ba. Wannan ba Jatau ya yi mini ba.

Kada ka sake aiko hoto. Ka sayi kaset ka yi magana a ciki, Maiwada na da rediyo. Ba sai ka faɗi abin kirki ba, ko labarin ƙanƙarar ne. Ka cika shi gaba da baya.

Nan ta tsaya. Yaya, da na karanta mata don ta ji ko na rubuta daidai, ta tambaye ni me na sa a sama. Na ce ban sa komai ba, tunda ba ta ce ga wanda ake rubuta wa ba. Sai ta ce in koma in sa suna. Na ce wane suna, Inno? Wallahi ba tsokana nake ba, bakina ne ya riga ni.

Ta faɗe shi. Sau biyu ta faɗa, a hankali, wai don kada in yi kuskure. Babu fili a sama, shi ya sa na sa shi nan ƙasa yadda ya fito daga bakinta:

Armiya'u. Armiya'u.